Ga 'yar'uwar da ta ce Inna za ta ajiye maganin tansiyo (hawan jini)

Salamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce Inna ta yi wata ɗaya tana shan amlodipine, tansiyo ya sauko zuwa 13/8 (wato 130/80), amma ƙafafunta sun kumbura, ko ta daina tunda ta samu sauƙi. Don girman Allah kar ta daina. Wannan 13/8 ɗin ƙwayar ce ke riƙe da shi, ranar da aka ajiye ta zai soma hawa ba sallama.

Ni ma haka aka yi da ni a nan Garwa ta Kamaru. Likitan da na fara gani ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ɗaura min abin awo, ya ce 18/10, ya rubuta ordinas (takardar magani) da Faransanci, ya kira na bayana. Bai ce min wannan magani na har abada ne ba. Ni kuwa na ɗauka kamar na zazzaɓin cizon sauro ne, kwali ya ƙare, ciwo ya tafi. Sai ga facalata ta zo da nata ilimin, wai maganin asibiti in jini ya saba da shi sai ya ci ƙoda, in koma folere (zoɓo) da tafarnuwa. Har gida ta kawo min tafarnuwar a leda, tana rantsuwa. Na bi ta.

Wata biyu ban ji komai ba, ko ciwon kai. Wata safiya ina dama kunu, ludayin ya suɓuce daga hannuna na hagu. Na sunkuya in ɗauka, yatsun suka ƙi. Na kira 'yata, abin da ya fito daga bakina ni kaina ban gane shi ba, yawu na zuba ta gefe ɗaya. A kan moto aka kai ni, ɗana ya riƙe ni ta baya, zanina na jan ƙasa. 21/12 aka samu. Har yau hannun ba ya ɗaura ɗankwali da kyau. Ita kuwa facalar da ta zo dubiya, cewa ta yi iska ce ta buge ni. Na yafe mata, amma ban manta ledar nan ba.

Kumburin idon sawu sananne ne da amlodipine, musamman mai miligram 10. Ki kai Inna da kwalin a hannu, likita zai iya rage shi zuwa 5 ko ya canza wani. Ni da aka mai da ni captopril tari ya hana ni barci, busasshe, ashe shi ma halin maganin ne, aka sake canza min. In kumburin ƙafa ɗaya ne ko numfashi na mata wuya, ku tafi yau, kar ku jira.

Ki riƙa duba ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban a jikin kwalin, shi ne ainihin sunan maganin, don farmasi kan ba ki kwali daban alhali ƙwaya ɗaya ce. Na taɓa haɗa biyu ina sha, jiri ya kusa kayar da ni a banɗaki.

Kuma diclofenac ɗin masu talla na ciwon gwiwa yana tayar da tansiyo, tsofaffinmu kuwa kamar gyaɗa suke shan sa. Gishiri bai kamata ya kai gram 5 a rana ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na Maggi da kanwa da kilishi. Kanwar ce ta fi ba ni wuya, miyar kuɓewa ba ita ai sai a hankali. Folere ki bar ta ta sha, ba sukari da yawa, amma ƙwayar na nan kullum bayan asuba.

Allah ya ba Inna lafiya. Mai nawa take sha, 5 ko 10?