Tambayi Likita: Shin lupus ciwon Turawa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata mai shekara 23 ta daɗe tana fama da ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi da jan ƙurji a kumatu. Da muka kai ta Yawunde aka ce lupus ne. Na duba intanet, duk binciken da na gani a kan ƙwayoyin halittar Turawa yake magana. To yaya aka yi ya same mu? Dangin saurayinta kuma sun fara ja da baya, wai gadonsa ake yi kamar sikila. Daga wata mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Sunan Turawa ya cika binciken ne don a wurinsu kuɗi da ɗakunan gwaji suke, ba don ciwon nasu ba ne. A Amurka ma ya fi kama baƙaƙen mata, ninki biyu zuwa uku a kan farare, kuma ya fi yi musu tsanani.

Lupus garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar mai ita. Manyan binciken da aka yi kan Turawa tun daga 2008 sun nuna ƙwayoyin halitta da dama na da hannu, irin su IRF5, STAT4, ITGAM da HLA-DR3, kuma yanzu wuraren da aka gano sun haura 100. Kowanne ɗan kaɗan yake ƙarawa, sai sun taru. Wasu daga cikinsu mu da Turawa duk muna da su, wasu kuwa a'a. Akwai wani sauyi a ƙwayar halittar PTPN22 da ya yawaita a arewacin Turai amma da wuya a same shi a jikin ɗan Afirka. Mu namu daban ne, kuma shi ya fi damuna: ƙwayar halittar APOL1. Nau'o'insa biyu sun yaɗu a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma mai lupus da ta gaje su daga uwa da uba ta fi shiga haɗarin lalacewar ƙoda. Shi ya sa nake jin takaici idan an ɗauko sakamakon Turai an ɗora mana kai tsaye.

Batun aure kuwa, a gaya wa dangin yaron su kwantar da hankali. Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce ke jawo ta, AS ya auri AS a yi lissafi. Lupus ba haka yake ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan Hassana ta kamu, galibi Usaina ba ta kamuwa. Yawancin 'ya'yan masu lupus ba sa yin ciwon. Inda nake ɗan tsayawa shi ne auren zumunci da ya maimaitu a gida ɗaya, domin akwai wani nau'in lupus da ba a cika gani ba, na rashin wani sinadarin garkuwar jiki mai suna C1q, mai kama yara tun suna ƙanana. Wanda ya fara a shekara 23 da wuya ya zama shi.

Tara cikin goma na masu ciwon mata ne, kuma rana na tayar da shi. Kin san ranar Garwa a watan Maris da Afrilu, sai ta rage fita da tsakar rana, ta riƙa lulluɓi da lema. Maganin hydroxychloroquine shi ne ginshiƙi, kada ta bar shi don ta ji sauƙi, kuma a riƙa duba mata ido. A auna fitsarinta da hawan jini a kai a kai, don ƙoda ba ta yin ƙara sai ta yi nisa. Idan ƙafa ta kumbura ko fitsari ya yi kumfa, asibiti a ranar, ba kantin magani ba.

Za ta iya haihuwa in Allah ya so, amma ta shirya cikin da likitanta bayan ciwon ya lafa na aƙalla wata shida, a kuma sauya mata magungunan da ke cutar da ɗan tayi kafin ta ɗauka.