Kamfani ya durƙushe da kuɗina: zan iya bin mai shi bashin?

Tambaya: Na ba wani kamfani kaya bashi, sai ya durƙushe bai biya ni ba, alhali mai shi yana nan da gidajensa. Lauya ya ce ba zan iya taɓa dukiyarsa ba saboda wata tsohuwar shari'ar Ingila. Wace shari'a ce wannan?

Amsa: Malam, shari'ar Salomon yake nufi, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya, a matsayinta na kotun ƙoli a lokacin, ta yanke a watan Nuwamba na 1896.

Aron Salomon mai sana'ar takalma ne a Landan. A 1892 ya mayar da kasuwancinsa kamfani, kuma da yake dokar kamfanoni ta 1862 ta wajabta aƙalla mutum bakwai kafin a kafa kamfani, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaya-ɗaya, shi kuma ya riƙe 20,001. Ya sayar wa kamfanin sana'ar tasa, aka rubuta masa takardar bashin fam 10,000 tare da jinginar kadarorin kamfanin. Da kasuwa ta lalace, masu jingina suka sha gaba, waɗanda suka ba da kaya bisa amana, irinka, suka tashi kusan hannu rabbana.

Kotun farko da ta ɗaukaka ƙara duk sun ce kamfanin inuwar Salomon ne kawai, don haka ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙoli ta soke wannan baki ɗaya, tana mai cewa muddin an cika sharuɗɗan rajista, kamfani mutum ne daban a idon doka, bashinsa nasa ne, kuma dokar ba ta ce dole sauran masu hannun jarin su kasance bare ba. A ganina hukuncin ya yi wa ƙananan masu bin bashi tsauri, amma ya zauna daram, kotunan Najeriya suna binsa, dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani.

Sai dai ka duba takardunka da kyau. Idan mutumin ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa kamfanin, ko kana da hujjar cewa ya fake da kamfanin ne don zamba, ko kuma sunan kasuwanci kawai, ba kamfani ba, ya yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, to kotu za ta iya kaiwa ga dukiyarsa. In babu ko ɗaya, ka hanzarta miƙa takardun bashinka ga jami'in da aka naɗa ya raba kadarorin kamfanin.