Filin Bakanike: Manyan Tayoyi a Hilux, Nawa Zan Tanada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Barka da aiki. Ina da Hilux ƙirar 2017 mai shan fetur, da ita nake zuwa gonata a bayan Zango, kuma ina ɗaukar taki da buhunan gero da wake zuwa kasuwar Mai'adua. Da rani yashi yake riƙe ni, da damina kuma cikin motar yana gogar ƙasa in na faɗa sawun manyan motoci. Tayoyin da ke jikinta 265/65 R17 ne, sun kusa ƙarewa. Wani abokina ya sa 285/70 R17 masu manyan haƙora, motarsa ta yi kwarjini, ni ma su nake so. Na tara naira miliyan ɗaya da rabi. Za ta isa? (Mai karatu daga Daura)

AMSA: Wa'alaikumussalam, ɗana. Allah ya sa albarka a noma. In tayoyi masu suna za ka saya irin su BFGoodrich ko Bridgestone Dueler ko Yokohama Geolandar, guda biyar na wannan girman kaɗai za su iya lashe kuɗinka, ba a ma zo maganar abin da za su janyo maka ba. Ba zan rubuta maka farashi ba, domin kafin mujallar nan ta iso hannunka ya canza. Michelin sun rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka rufe tasu ta Legas a 2008, tun daga nan tayar mota daga waje ake shigo mana da ita, dala take bi. Kowa ya ga yadda ta kasance tun da aka saki naira a watan Yunin 2023.

Ka ce motar abokinka ta yi kwarjini, ban musa ba. To amma kai ɗan Daura ne, ka san mai hawan sallah ba kuɗin sayen doki yake lissafawa ba, harawa da dusa da ɗan barga su ne ke cin aljihu. Babbar taya haka take.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a cikin kashi ɗari na wannan faɗin, ta uku kuma girman wili da inci. Tayarka ta yanzu, daga ƙasa zuwa sama, milimita 776 ce. Wadda kake so, 285/70, milimita 831 ce. Bambancin 55 ke nan, amma rabinsa ne kawai zai ɗaga motarka, tunda ɗaya rabin yana sama ne cikin madigadi. Wato milimita 27, bai kai faɗin yatsunka biyu ba. Wannan shi ne abin da za ka zuba kuɗin kaka guda a kansa.

Ga kuma abin da zai biyo baya. Tayar 285 a Hilux irin taka ba ta zama lafiya in ba a taɓa motar ba. Kana karya sitiyari har ƙarshe za ka ji tana gogar roba da ƙarfen da bodi ya zauna a kai, a wasu motocin har hannun ƙarfe na sama da ke riƙe ƙafar motar take taɓawa. Sai a ce maka a ɗaga motar inci biyu: sababbin shokazoba huɗu, sifirin na gaba, ƙarin ganye a na baya. In an ɗaga, shaf ɗin gaba ya karkace fiye da yadda kamfani ya tsara, robarsa ta riƙa yagewa, yashi ya shiga, ka dawo gareji. Wasu sai sun yanke ƙarfe da waldi, wasu sai sun sayi wili daban. Masu neman sauƙi kuma su sa faifan nan da ake cusawa tsakanin wili da hob don tayar ta fito waje. In na banza ne, wanda aka fafe a kan lesin bayan kasuwa, ina roƙonka kada ka sa shi a motar da ke ɗaukar kaya da mutane. Na sha ganin kusoshi sun gutsire saboda shi.

Abin da masu ɗaga mota ba sa faɗa maka: ɗagawar ba ta taɓa ƙoƙon aksul ɗin baya. Bodi zai yi sama, amma wannan ƙoƙon yana nan inda yake, kuma shi ne yake fara kama tudun da ke tsakanin sawun tirela. Tsayin taya ne kaɗai yake ɗaga shi.

Sai safaya. Ta Hilux a ƙarƙashin bodin baya take rataye, kuma 285 ba lallai ta shiga wurin ba. In ka bar tsohuwar ƙarama a matsayin safaya, ranar da ka yi faci a daji ka sa ta, ka shiga giyar fowil, ƙafa ɗaya tana juyawa da sauri fiye da sauran, giya ce za ta sha wahala. Saboda haka lissafinka na taya biyar ne, ba huɗu ba. Jak ɗinka ma ka gwada shi, wataƙila ba zai ƙara kaiwa ba.

Duk waɗannan sau ɗaya za ka biya. Wanda ba ya ƙarewa shi ne mai. Taya mai tsayi da nauyi tana sa injin ya yi kamar a giya ta biyu kake tashi, kuma injin fetur na 2.7 dama ba gwanin ja ba ne in an loda shi. Za ka riƙa danna totur, kuloci yana ƙonewa a yashi, birki yana aiki fiye da da. Mu ce lita ɗaya kawai ta ƙaru a kowace kilomita 100, kuma kana cin kilomita 20,000 a shekara: lita 200 ke nan. Ka buga da kuɗin lita a gidan man da kake sha, tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 ba sai na gaya maka ba. Maganinsa na gaskiya shi ne a canza haƙoran aksul na gaba da na baya gaba ɗaya, wannan kuwa ya wuce miliyan ɗaya da rabinka, kada ma mu ɓata tawada.

Maleji ma zai fara yi maka ƙarya. Da 285, in ya nuna 100 kana gudun 107 ne. In ya ce ka ci kilomita 5,000 lokacin juye ya yi, ka riga ka ci 5,350.

Yanzu zo mu yi maganar yashi, domin nan ne na fi son ka saurare ni. Tayar nan mai manyan haƙora da ake rubuta M/T a jikinta, don taɓo aka yi ta. Aikinta ta haƙa ta watsar har ta taɓo ƙasa mai ƙarfi. A rairayin Zango da Baure da Sandamu babu wata ƙasa mai ƙarfi da za ta taɓo, haƙa kawai za ta yi ta binne ka har aksul. A kan kwalta kuma, daga Daura ka bi ta Mashi zuwa Katsina, gurnaninta zai hana ka jin rediyo, tana saurin cinyewa, kuma in an yi ruwa birkinta bai kai na sauran ba. Damina a wajenmu wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekarar yashi ne da ƙaya da kwalta mai zafi. Tayar ƙasar nan ita ce A/T, wadda aka yi don kwalta da daji duka.

Abin da ke fid da mota daga yashi kuwa iska ce, ba girma ba. Ka tsaya a bakin burji ka sauke iskar zuwa PSI 18 ko 20 a gejin awo, tayar ta baje, tafinta ya yi tsawo, motar ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Direbobin da ke shiga Nijar ta Kwangwalam da tsofaffin Land Cruiser, tayoyinsu sirara ne, kuma ba ka cika ganin sun kafe ba, wannan dabarar ce. Sharaɗi biyu ne: kada ka yi gudu ko ka karya kwana da ƙarfi da sauƙaƙƙiyar iska, musamman in da kaya, kuma kana hawa kwalta ka mayar da ita. Taya mai ƙarancin iska a kan kwaltar watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, fashewa take yi. Don haka ƙaramin injin iska mai aiki da batirin mota da gejin awo sun fi maka amfani a kan ɗaga mota, kuma kuɗinsu bai kai na taya guda ba.

Akwai tambayar da ni zan yi maka. Buhu nawa kake ɗorawa? Hilux kayan da aka yi ta dominsa bai wuce kusan tan ɗaya ba, da direba da kowa. Buhun gero goma ya riga ya cinye wannan. Yawancin masu zuwa wurina da kukan cikin mota yana gogar ƙasa, in na leƙa sai in tarar ganyen sifirin baya ya miƙe sambal saboda lodi. Gyara shi kaɗai yakan dawo da tsayin da ya fi wanda sabuwar taya za ta ba ka.

Da ni ne da kuɗin nan, gareji zan fara kai motar a ɗaga ta a girgiza ƙafafu: boljoyin, tayarod, boris, birki, shokazoba, sifirin. Sabuwar taya a kan ƙafar da ke rawa, wata shida ta cinye gefe ɗaya. In ware wa wannan kamar kashi ɗaya cikin biyar. Sannan in sayi A/T biyar masu lamba 265/70 R17. Tsayinsu milimita 803, sukan shiga a wilinka ba tare da ɗagawa ba, in ma sun goga roba ce ake ɗan datsewa, maleji kuma 3 kawai zai ɓoye maka a cikin 100. Ka duba lambar nauyi a jikinsu kada ta gaza 112, wato kilo 1,120 kowace taya, in ka samu masu LT a gaban lambar, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, sun fi jure ƙayar aduwa da kututturen gona, sai dai sun fi tauri a hanya. Waɗannan za su ci wajen kashi biyu cikin uku, in ka haƙura da manyan sunaye ka ɗauki matsakaita irin Maxxis. Abin da ya rage a yi alaimen da balansin, a sayi injin iska da shebur da igiyar ja, canjin kuma ka riƙe shi, domin ba a kwance ƙafar mota a rasa abin da ba a yi zato ba. Bamban ƙarfe da fitilun kan rufi su jira wata kakar.

TAMBAYA: Oga, ana kawo tayoyin Beljiyam masu kauri, rabin kuɗin sababbi. In saya? (Direba daga Ƙofar Ƙaura, Katsina)

AMSA: Malam, kaurin haƙori ba shi ne shekarun taya ba. Nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirgawa a matsayin wa'adin taya, kamfanin Michelin kuma ya ce daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ko da ba ta taɓa ƙasa ba. In ka ga an kankare lambar ko an shafe ta, ajiye ka wuce. Ka kuma lura da masu hoton dutse da ƙanƙara waɗanda robarsu ke da laushi da ƙananan tsage-tsage, da yawansu na hunturun Turai ne, zafin Katsina saurin cinye su yake yi. Ka sa hannu a cikinta ka shafa, in ka ji faci a gefe ko kumburi, ba taya ba ce. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya ko a nan gida, sabuwa mai matsakaicin suna ta fi tsohuwa mai babban suna.

TAMBAYA: Baba, kuɗina na taya biyu ne. In sa manya a bayan Prado ɗina, in bar na gaba yadda suke zuwa bayan sallah? (Hajiya daga Katsina)

AMSA: A'a, Hajiya, kada ki yi. Prado ƙafafunta huɗu suna ja ne koyaushe, ba kamar Hilux da sai an sa ba. In na baya suka fi na gaba tsayi, giyar tsakiya za ta yi ta aiki ba hutu tana ɗaukar zafi, fitilun birki da na santsi su fara kamawa, kuma gyaran wannan giyar ya ninka kuɗin tayoyi biyun da kike son jinkirtawa. Ki sayi biyu daidai da lambar da ke jikin motar yanzu, a sa su a baya, ko kuma ki haƙura har kuɗin duka su haɗu.