Shin a fara sa bututu a magudanar ɗaciya kafin tiyatar fankiriyas?

Tambayarki ita ce: mahaifinki na da ƙari a fankiriyas (wata gaɓa ce a bayan tumbi), ya toshe magudanar ɗaciya har shawara ta kama shi, shin a fara zuƙe ɗaciyar da ta taru kafin tiyata? Allah Ya ba shi lafiya.

Idan tiyatar za ta samu cikin mako ɗaya, galibi gara a wuce kai tsaye. A wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka fara sa wa bututu sun gamu da babbar matsala, waɗanda aka yi wa aiki da wuri kuwa kashi 39. Yawancin bambancin daga sa bututun ya fito.

Bututun yana barin ƙofar magudanar a buɗe, sai ƙwayoyin cutar hanji su haura su gurɓata ɗaciyar. Ranar tiyata wannan gurɓatacciyar ɗaciyar ce za ta zuba a wurin aiki, rauni ya yi ruwa. Ban da kumburin fankiriyas, zubar jini, ko bututun roba ya toshe zazzaɓi ya taso.

Amma akwai inda ba makawa sai an sa bututun: zazzaɓi da rawar sanyi na kamuwar magudanar, bilirubin (sinadarin da ke kawo shawara) da ya haura 250 µmol/L a jini, ƙoda ta fara gazawa, ko za a fara ba da maganin sankara tukuna. A nan gajeren bututun ƙarfe mai buɗe kansa ya fi na roba, don bai cika toshewa ba. Ki tambayi likitan wanne za su sa, kuma ko za su ɗebi ɗaciyar a gwada lokacin aiki don zaɓen maganin da ya dace.