Tambaya da Amsa: Tsofaffin Hotunan Allunan Neyon

Tambaya: Me ya sa masu tara kayan fasaha suke sayen tsofaffin hotuna masu launi na allunan talla masu fitilun neyon da tsada? Daga mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, babban dalili shi ne ƙarancinsu. Alal misali, mai ɗaukar hoto Fred Herzog ya ɗauki hotunan titunan Vancouver ta Kanada da fim ɗin kyamara mai launi na Kodachrome tun shekarun 1950, lokacin da gidajen baje kolin fasaha suke fifita hoto baƙi da fari. Yau an cire yawancin allunan, kamfanin Kodak kuma ya daina yin fim ɗin a 2009. Kafin ka saya, ka duba sa hannun mai hoton da adadin kwafin da aka wanke, sannan ka kare shi daga zafin ranar Damagaram, domin launi yana kodewa.