Amsa: Shin baƙaƙen fata sun tuƙa jirgin yaƙi a yaƙin duniya na biyu?

Ɗan uwa ka tambaya ko akwai baƙar fata da ya tuƙa jirgin yaƙi a lokacin har aka ba shi lambar yabo, wallahi akwai, ka nemi labarin Charles McGee na Amurka. Yana cikin matuƙan Tuskegee, wato baƙaƙen fatan Amurka da aka koya wa tuƙin jirgin yaƙi a garin Tuskegee, waɗanda ake shafa wa wutsiyar jiragensu jan fenti, daga Italiya suke tashi suna raka jiragen bama-bamai, jirginsa P-51 ma laƙabin matarsa ya sa masa, Kitten, abin nan yana taɓa ni sosai. A 1944 ya harbo jirgin Jamus guda.

To mutumin nan bai tsaya nan ba fa, ya je Koriya ya je Biyetnam, gaba ɗaya fita yaƙi 409 ya yi, alhali a farkon aikinsa ko bariki ɗaya ba a yarda su kwana da turawa. Ya samu lambobin yabon soja na Distinguished Flying Cross da Bronze Star da Legion of Merit, a 2007 kuma majalisar Amurka ta karrama matuƙan Tuskegee duka da lambar zinariya. Da kanar ya yi ritaya a 1973, sai 2020 yana shekara 100 aka ba shi birgediya janar. Ya rasu 2022.