Ummi, ga abin da ke cikin sunan O'Brien

Ummi 'yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatu da sanyin birnin Limerick na ƙasar Ayilan. Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce yaron nan da ya musulunta, mai neman aurenki, sunan gidansu O'Brien, ya kuma gaya miki su jinin sarauta ne. Kina tambaya ko gaskiya ne, sannan in Allah ya nufa an ɗaura, ko ke ma za ki koma O'Brien kamar yadda matan can suke yi. Tambayar farko ta sa ni murmushi. Ta biyun kuwa ta hana ni barci da wuri.

Kakanki yakan ce suna linzami ne, kafin ka yarda a sa maka shi sai ka san hannun da ke riƙe da ragamar. To bari mu fara da sanin abin da sunan yake faɗa.

A harshen mutanen Ayilan ana rubuta shi Ó Briain. Wannan Ó ɗin kalma ce mai zaman kanta, a da ana rubuta ta Ua, ma'anarta jika. Mac kuma ɗa ne, kamar yadda muke cewa ɗan wane. Ke nan O'Brien na nufin jikan Brian. Ɗan karan da ke kan harafin O alama ce ta a ja wasalin, sai rubutun Turanci ya mayar da shi waƙafin sama a gefe. Shi Brian ɗin da kansa bai taɓa amsa O'Brien ba. Sunansa Brian mac Cennétig, wato ɗan Cennétig, 'ya'yansa kuma mac Briain ake ce musu. Sai a kan jikokinsa sunan ya tsaya cak ya daina sauyawa daga uba zuwa ɗa. Mutanen Ayilan suna cikin na farko a Turai da suka yi haka, don tun shekarar 916 littattafan tarihinsu suka rubuta mutuwar wani mai suna Ua Cléirigh.

Brian Boru, kamar yadda aka fi saninsa, an haife shi wajen shekarar 941 a yankin Killaloe, bakin kogin Shannon, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda kike zaune. Ƙabilarsu Dál gCais ba manya ba ce a farko. Yayansa Mathgamain ne ya fara ƙwace sarautar lardin Munster, aka kashe shi a 976, Brian ya gaje shi. Ya yi ta yaƙi ta ƙasa da ta ruwa har a 1002 babban sarkin Ayilan, Máel Sechnaill, na gidan Uí Néill da suka daɗe suna riƙe da wannan matsayi, ya miƙa wuya. A 1005 Brian ya je Armagh, cibiyar addininsu, ya ajiye oza 20 na zinariya a kan bagadin coci, magatakardansa ya rubuta shi a littafin wurin da laƙabin sarkin sarakunan mutanen Ayilan. Ki lura da wani abu a nan: da gidan ya yi ƙarfi, masana asali suka nemo masa salsala, suka haɗa shi da tsoffin sarakunan Munster ta wani kaka mai suna Cormac Cas. Masana tarihi na yanzu suna ganin ɗinki ne aka yi daga baya. Sarakunan ma sai da aka yi wa asalinsu kwalliya, balle talaka.

Ranar da ta kafa sunan nan ita ce 23 ga Afrilu 1014, Juma'ar da ke gab da bikin Ista, a Clontarf, wadda yau unguwa ce a arewacin Dublin, bakin teku. Ana yawan ba da labarin kamar mutanen ƙasa ne suka kori baƙi 'yan Viking, mayaƙan teku daga arewacin Turai, amma in kika duba waɗanda suka tsaya a filin za ki ga rikicin gida ne. Sarkin Dublin, Sigtrygg, surukin Brian ne, yana auren 'yarsa. Uwar Sigtrygg ɗin, Gormflaith, ta taɓa auren Brian. Ɗan'uwanta Máel Mórda, sarkin Leinster, shi ne jagoran tawayen. Su suka gayyato mayaƙa daga tsibiran Orkney da Man, jiragensu suka cika gaɓar. Brian ya haura saba'in, bai shiga fagen ba, ɗansa Murchad ne ya ja runduna. Aka gwabza tun hantsi bai yi ba har yamma. Da rundunar Dublin da baƙinsu suka karye, ruwan teku ya riga ya cika ya shiga tsakaninsu da jiragensu, mutane da yawa suka nutse. Masu ba da labari sun ce jikan Brian, yaro ɗan shekara 15, ya bi abokan gaba cikin ruwan, a can aka tsinci gawarsa. Murchad ya faɗi a filin. Shi kuma tsohon, an ce yana cikin tantinsa yana addu'a, wani Brodir daga cikin masu gudu ya faɗo masa ya sare shi. Uba da ɗa da jika a yini ɗaya, kuma su ne suka ci yaƙin. Malaman cocin Armagh suka zo har Swords suka ɗauki gawar, aka yi kwana 12 ana zaman makoki kafin a binne shi. Babbar sarautar ta koma hannun Máel Sechnaill har ya mutu a 1022.

Gidan bai mutu ba. Wani jikan, Toirdelbach Ua Briain, wanda ya rasu a 1086, da ɗansa Muirchertach, wanda ya rasu a 1119, sun sake zama mafi ƙarfin sarakunan tsibirin. Daga baya ƙasarsu ta tsuke ta koma Thomond, wato gundumar Clare da gefen Limerick da Tipperary. Tsohon cocin St Mary da kike wucewa a Limerick, ana danganta kafa shi a 1168 ga Domnall Mór Ua Briain. A 1543 Murrough O'Brien ya miƙa sarautarsa ga Henry na Takwas na Ingila, aka mayar masa da ƙasar da sarautun Turawa, Earl na Thomond da Baron Inchiquin. Daga nan gidan ya rabu. Waɗansu suka bi addinin Ingila suka riƙe gonakinsu, irin mutanen fadar Dromoland, wadda aka sayar a 1962 ta zama otal. Waɗansu suka rasa komai suka tafi aikin soja Faransa. Wani kuma daga gidan Dromoland ɗin, William Smith O'Brien, ya ja tawaye a 1848 aka kai shi Tasmaniya.

To yaron naki jinin sarauta ne? Zai yiwu. Amma a ƙididdigar sunaye ta 1890 O'Brien ne na shida wajen yawa a duk Ayilan, kuma da yawa daga masu shi manoma ne masu hayar gona. Ga kuma ruɗani a rubutu. A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da suna mai O ko Mac yake jawo wa mutum baƙin jini wurin hukuma, da yawa suka yar da shi suka koma Brien ko Bryan. Bayan an kafa ƙungiyar farfaɗo da harshensu a 1893 aka shiga mayar da O ɗin, waɗansu kuma suka ɗauki wanda ba nasu ba: mutanen Gorman asalinsu Mac ne, yau da yawansu O'Gorman suke amsawa. Akwai Ó Broin na Wicklow, su ne Byrne, akwai Ó Braoin, su ne Breen, duk gidaje ne dabam, amma magatakarda mai rubuta abin da kunnensa ya ji yana iya cakuɗa su. Sannan akwai jinin gidan da ba sa amsa sunan sam: MacMahon na Clare da Considine rassan O'Brien ne, Kennedy na Tipperary kuma zuriyar ɗan'uwan Brian ne. Allon nan mai zakoki uku da ake sayar wa masu yawon buɗe ido da sunan tambarin gida, a ƙa'idarsu na mutum ɗaya ne da magadansa, ba hujja ba ce ga duk mai sunan.

In da gaske yake son ya sani, hanyar a fili take. Ya fara da tsofaffin gidansu, ya samo sunan ainihin ƙauyen da kakan kakansa ya zauna, domin a Clare sunan mutum kaɗai ba ya raba shi da ɗaruruwan takwarorinsa. Da sunan ƙauyen sai ya duba ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911, duka suna intanet kyauta. Kada ya gaskata shekarun da ya gani a ciki: an kawo fanshon tsufa a 1908 ga mai shekara 70, sai ga mutane sun ƙara fiye da shekara goma tsakanin ƙidayar biyu. Daga nan ya koma rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa, wadda ta game kowa daga 1864. Takardar aure ta fi amfani, don tana ba da sunan uban ango da na amarya. Kafin 1864 sai littattafan baftisma na cocin Katolika, waɗanda ɗakin karatu na ƙasa ya sa hotunansu a intanet a 2015. Da yawa da Latin aka rubuta su, James ya koma Jacobus. Sai kuma kundin kimanta gonaki na Griffith, na 1847 zuwa 1864, mai nuna wanda yake haya da wanda ya ba shi. Yawanci a farkon shekarun 1800 igiyar take tsinkewa. Gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin ranar 30 ga Yuni 1922 ta tafi da kusan duk ƙidayar 1821 zuwa 1851. Tsakanin nan da Clontarf akwai shekara 800 da takarda ba ta cike wa talaka. Gwajin ƙwayar halitta ta layin maza yana iya nuna ko mutum yana ɗauke da alamar da ta yawaita a zuriyar Dál gCais, amma ba zai ce masa ta wane ɗa ya sauko ba.

Wani abin da zai taimake shi, kuma ke ba baƙonki ba ne: a al'adarsu ta da, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan uwar uwarta. Ke ma sunan mahaifiyarmu kika ci, shi ya sa bakinmu ba ya iya kiransa sai Ummi. 'Ya'yan yanzu kuwa a waya suke zaɓo wa jariri suna, ba a tambayi kowa ba, har yaro ya girma bai san sunan kakan ubansa ba. Abin yana damuna.

Batun ki koma O'Brien kuma, ki dubi yadda harshensu yake yi. Namiji Ó Briain ne. 'Yar gidan Ní Bhriain ce, wato 'yar jikan Brian, ana furta bh ɗin kamar v na Turanci. Matar da aka auro kuwa Bean Uí Bhriain ake ce mata, matar jikan Brian. Su da kansu ba su taɓa kiran matar aure jika ba. Turanci ne ya tattara ukun ya sa musu riga ɗaya. Dokar Ayilan ma ba ta tilasta wa mace ta sauya suna don ta yi aure. Wadda ta sauya kuma sai ta bi fasfo da banki da takardar zama ɗaya bayan ɗaya, alhali takardun makarantarta suna nan da tsohon suna, ga waƙafin saman nan da kwamfutocin kamfanonin jirgi sukan ƙi karɓa. A gidanmu dai kakarki ta yi shekara hamsin a ɗakin miji ana kiranta da sunan ubanta, malamanmu kuma sukan karanto ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu. 'Ya'yan da Allah zai ba ku, su sunan ubansu ne nasu, ba mai hana su.

Ni abin da na fi son ji ba ya cikin kundin Griffith. Kakanki yakan ce hali zanen dutse ne, kuma ba a auren mutum sai an san gidansu. Wa ya karantar da shi, a wane masallaci yake salla, yaya yake da mahaifiyarsa tun da ya musulunta, su kuma yaya suka karɓe ki? Ki ce masa ya nemo sunan ƙauyen nan da sunan kakar ubansa kafin ta yi aure, ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu, mu duba ƙidayar 1911 tare. Mahaifinki bai ga saƙon nan ba tukuna, ke za ki fara yi masa maganar, ni in biyo baya. Ki gaida mutanen gidan da kike zaune.

Baffanki.